A Ƙara wa Likitocin Dabbobi Horo kan Duba Ɗingishi da Tiyatar Ƙashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani ɓangare na aikin likitan dabbobi wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba, wato horon da ake bai wa likitoci wajen gano abin da ke sa karnuka da kyanwoyi ɗingishi, da kuma aikin tiyatar ƙashi da gaɓoɓi idan lamarin ya kai ga haka. Ni likitan dabbobi ne, na fara aiki da garken shanu kamar yawancin tsararrakina, daga baya na koma duba dabbobin gida a cikin gari. Saboda haka duk gazawar da zan ambata ina cikinta, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoye cibi, zan faɗi abin da na gani ba tare da kwana-kwana ba.

Duk wanda ya san tarihin wannan sana'a a ƙasarmu ba zai yi mamakin inda aka fi ba da ƙarfi ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, an kafa ta ne domin yaƙi da annobar shanu, musamman bushiya, wadda ta sha share garkuna a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Koyarwar likitancin dabbobi a jami'ar Ibadan ta fara a 1963, ta Zariya kuma ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, a daidai lokacin da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka haɗa kai suna yi wa shanu rigakafin bushiya. Wannan aiki ya yi albarka, domin a 2011 an bayyana cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa baki ɗaya. Malamanmu sun horar da mu a kan garke: ciwon huhu, da sammore, da saifa, da rigakafi, da duba nama a mayanka. Sun yi daidai da zamaninsu, kuma har gobe tattalin arzikin makiyaya shi ne ginshiƙin aikinmu. Sai dai garuruwanmu sun sauya. A Kano da Kaduna da Jos da Abuja yanzu akwai gidaje da ma'aikatu masu yawa da ke ajiye manyan karnukan gadi na ƙasashen waje irin su Alseshan da Rotwaila, akwai karnukan jami'an tsaro, akwai na mafarauta, ga kuma kyanwoyin da iyayenmu mata da yara suke lallaɓawa kamar 'ya'yan cikinsu. Waɗannan dabbobi ɗaya bayan ɗaya ake kawo su, kuma ɗingishi yana daga cikin ƙorafe-ƙorafen da suka fi kawo su gabanmu.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne wani kare da aka kawo mini kwanakin baya. Ɗan wata bakwai ne, babur ya buge shi a bakin ƙofar gidan da yake gadi, aka kai shi wani wuri aka naɗe masa ƙafar baya da filasta mai sandarewa, tun daga dagi har zuwa tsakiyar cinya, aka ce a dawo bayan wata guda. Maigadin gidan ne ya kawo shi bayan mako biyar, saboda warin da ke fita daga cikin filastan ya hana kowa sakat. Da muka yanke filastan sai muka tarar fata ta saɓule a wuri biyu tana fitar da mugunya, tsokar cinya ta zube, gwiwa kuma ta sandare kamar icce, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Hoton ƙashi ya nuna cewa karayar tana tsakiyar ƙashin cinya, daidai inda bakin filastan ya ƙare. Ke nan duk lokacin da karen ya motsa, nauyin filastan yana jan ɓarin ƙashin da ke ƙasa yana girgiza shi, maimakon ya riƙe shi wuri ɗaya. An yi gyaran gangar Auzinawa.

Ƙa'idar da aka karya tsohuwa ce kuma mai sauƙi: filasta ko karan ɗori ba ya riƙe karaya sai ya hana gaɓar da ke sama da ita da wadda ke ƙasa da ita motsi. A ƙashin cinya da na dantse, gaɓar da ke sama tana manne da gangar jiki, babu yadda za a ɗaure ta da filasta, shi ya sa karayar waɗannan ƙasusuwa tiyata take buƙata, a sa ƙarfe. Na nemi likitan da ya yi aikin ta waya, yaro ne mai ladabi da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, ya ce mini ya san wannan ƙa'ida a takarda, amma bai taɓa riƙe na'urar huda ƙashi da hannunsa ba, kuma ya ji kunyar ya ce wa mai karen ba zai iya ba. Ban ga laifinsa sosai ba, domin ni ma a shekaruna na farko na yi abin da ya yi kama da haka, kuma dalilina bai wuce nasa ba.

Mutane da yawa, har da wasu abokan aikinmu, suna ɗauka cewa matsalar ta rashin kayan aiki ce kawai. Rashin kayan aiki gaskiya ne, amma a ganina giɓin da ya fi girma yana gaban wannan, a wurin duba dabba da ido da hannu, wanda ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗin ƙasar waje. Dabba ba ta faɗin inda ke yi mata ciwo, kuma sau da yawa mai ita yakan nuna ƙafar da ba ita ce ke da matsala ba. Likitan da aka horar da kyau ba ya fara taɓa kare sai ya fitar da shi fili mai ƙasa mai tauri, ya sa a ja shi yana tafiya, ya kalle shi ta gaba da ta baya da ta gefe, sannan a ɗan ƙara masa sauri. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, saboda haka idan ɗaya daga cikinsu ce ke ciwo, zai riƙa ɗaga kai sama a lokacin da ta taka ƙasa, ya sauke shi idan mai lafiyar ta taka. Wanda bai san wannan ba sai ya ga kai ya sunkuya ya ce ga ƙafar da ke ciwo nan, alhali ita ce lafiyayyar. Hatta yadda kare yake zama yana ba da labari, domin wanda gwiwarsa ta samu matsala ba ya iya naɗe ta sosai, sai ya zauna yana jefa ƙafar gefe guda.

Bayan kallo sai hannu. Ana farawa da ƙafar da ke da lafiya, domin dabbar ta saki jiki, kuma likita ya san yadda jikinta yake a asali. Sannan a koma ga mai ciwon, a bi ta tun daga farce zuwa sama, ana duba tsakanin yatsu, ana matsa kowane ƙashi, ana lanƙwasa kowace gaɓa ana miƙe ta, ana kwatanta kaurin tsokar wannan ɓangare da wancan. Na sha ganin kare da aka yi wa allurai har kwana goma, ashe ƙarangiya ce ta shige tsakanin yatsunsa ta yi ruwa. Na kuma ga wanda aka yi ta shafa wa magani a ƙafa, alhali ciwon yana cikin laka, a ƙashin baya. Bambance waɗannan biyu ba shi da wuya ga wanda aka nuna wa: ana juya dagin dabbar a ɗora bayansa a ƙasa, idan jijiyoyinta lafiya lau suke nan take za ta mayar da shi daidai, idan kuwa ta bar shi a haka tana tsaye, to sai a bar ƙafa a koma binciken baya da wuya. A ƙasa irin tamu da ciwon haukan kare bai gushe ba, wannan bambanci ya wuce batun ƙwarewa, domin shanyewar ƙafafun baya na iya zama alamar cutar, kuma likitan da ya ɗauke ta a matsayin targaɗe yana jefa kansa da masu dabbar cikin haɗari.

Akwai gwaje-gwajen da ba a koyonsu daga littafi ko kaɗan. A cikin gwiwar kare akwai wata igiyar jijiya da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma tsinkewarta na daga cikin manyan dalilan ɗingishin ƙafar baya a karnuka, musamman manya masu ƙiba. Wannan jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum. Ana gane tsinkewarta ne ta hanyar riƙe ƙashin cinya da hannu ɗaya, ƙashin ƙwauri da ɗayan, a gwada tura shi gaba kamar mai jawo aljihun tebur. Motsin da ake nema ɗan ƙarami ne, kuma kare mai jin zafi yakan ɗaure tsokarsa ya ɓoye shi, sai an ba shi maganin kwantar da jiki. Haka gwajin sassaucin kwatangwalo yake a 'yan kwikwiyon irin karnuka masu manyan jiki, inda likita ke jin wani ɗan ƙaras a tafin hannunsa yayin da kan ƙashin cinya ya koma cikin gurbinsa. Haka ma gocewar ƙoƙon gwiwa, wadda ake kasawa mataki huɗu, kuma matakin ne ke nuna ko za a yi tiyata ko a bari. Duk waɗannan sai malami ya ɗora hannunsa a kan na ɗalibi, ya ce masa ka ji wannan, to shi ne. Idan ɗalibai da yawa suka kewaye kare ɗaya a asibitin koyarwa, biyu ko uku ne za su taɓa shi, sauran su rubuta a littafi su wuce, kuma da haka ne mutum zai shafe shekara shida a jami'a ya fito bai taɓa jin wannan motsi da yatsunsa ba.

Shekarun dabba da irinta ma suna jagorantar mai bincike. Ɗan kwikwiyo mai ɗingishi yana sa a yi tunanin wuraren da ƙashi ke tsiro da kuma abincin da ake ba shi, babban kare mai shekaru da kumburi mai tauri kusa da gaɓa yana sa a ji tsoron sankarar ƙashi, wanda kuma kaska ta cika masa jiki yana zazzaɓi, ɗingishinsa yana yawo daga wannan ƙafa zuwa waccan, jininsa ya kamata a fara dubawa. Batun abinci ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne na fi ganin asara marar dalili. Mutum zai sayi ɗan kare mai tsada, ya riƙa ba shi tsokar nama zalla da shinkafa ko tuwo, yana ganin gata yake yi masa. Irin wannan abinci yana da ƙarancin sinadarin kalsiyam, sai jiki ya koma yana zuƙe shi daga ƙasusuwa, har su yi laushi su riƙa lanƙwashewa ko su karye don ɗan tsalle daga kan dakali. A hoto sai ka ga bangon ƙashin ya yi siriri kamar takarda. Maganin wannan gyaran abinci ne da tsare dabbar wuri ɗaya na 'yan makonni, kuma likitan da ya yi gaggawar sa ƙarfe a irin wannan ƙashi zai ga kusoshin sun fice kamar an kafa su a cikin danƙo.

Kyanwa kuwa ta fi kare iya ɓoye ciwo. Wata dattijuwa ta taɓa kawo mini tata a cikin kwando, ta ce ba ɗingishi take yi ba, amma ta daina hawa katanga, ta daina kwana a kan gado, kuma gashin bayanta ya cukurkuɗe domin ta daina lasar kanta. Dattijuwar ta fi likitoci da yawa lura, domin waɗannan su ne alamomin ciwon gaɓoɓi a kyanwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya duba hotunan ƙashi na kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya tarar kashi 90 cikin ɗari suna da alamun lalacewar gaɓoɓi. Mu a nan ko tambayar ba mu cika yi ba.

Wannan ya kawo ni ga allurar kashe zafi, wadda ta zama mafakar duk wanda bai gano ciwo ba. Ba na adawa da rage wa dabba raɗaɗi, wajibi ne ma. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da allura madadin bincike, a haɗa magungunan da bai kamata a haɗa ba, dabba ta ɗan taka ƙafa kwana biyu, sannan ta dawo tana amai da baƙin kashi saboda gyambon ciki. Masu dabbobi ma suna da nasu kason, domin sukan ba su magungunan mutane kafin su zo wurinmu. Farasitamol guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ibufurofen da dikulofenak kuma suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Likitan da ya samu horo mai kyau yakan fara da tambayar abin da aka riga aka bai wa dabba a gida, kuma ya yi tambayar cikin lalama, domin idan mutum ya ji za a yi masa faɗa sai ya ɓoye.

Game da hoton ƙashi, zan taƙaita. Hoto ɗaya ba ya isa, dole a ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, domin karayar da ta ɓuya a wannan tana bayyana a wancan. Dabbar tana buƙatar maganin kwantar da jiki domin a daidaita ta, kuma ɗabi'ar sa yaron asibiti ya danne kare da hannu tsirara a ƙarƙashin na'ura, ba rigar kariya, abu ne da ya kamata a daina.

Tiyatar kanta tana da tarihin da ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa. A 1937 wani likitan dabbobi a Amurka mai suna Otto Stader ya fito da dabarar soka ƙarafa a cikin ɓangarorin ƙashin da ya karye, a haɗa su da sanda ta wajen fata, domin karnuka suna cinye bandeji su lalata ɗori. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin ruwan Amurka suka ɗauki wannan dabara suna yi wa mutane aiki da ita. A 1958 wasu likitocin mutane a ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO domin tsara yadda ake ɗora karaya da faranti da kusoshi, reshenta na dabbobi kuma ya biyo baya a 1969. Abin da ya fi jan hankalina game da su shi ne yadda suke koyarwa: likita yana zuwa kwas na 'yan kwanaki, a ba shi ƙashin roba da na'urar huda da kusoshi, ya yi ta maimaitawa a gaban malami har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa mai rai. A 1993 wani likitan dabbobi a Amurka mai suna Barclay Slocum ya bayyana aikin da ake yanka saman ƙashin ƙwauri a juya shi domin gwiwar da jijiyarta ta tsinke ta daina zamewa, aikin da ya zama ruwan dare a Turai da Amurka. A can, wanda yake son a kira shi ƙwararren likitan tiyatar dabbobi sai ya ƙara aƙalla shekara uku yana aiki a ƙarƙashin ƙwararru bayan digirinsa, yana rubuta kowane aiki da ya yi, sannan ya zauna jarrabawa.

Ba ina cewa mu kwaso duk wannan mu dasa a nan ba ne. Farantan ƙarfe masu tsada da manyan na'urori sun fi ƙarfin yawancin masu dabbobinmu, kuma kwas ɗin da zai koya wa matasa aikin da ba za su taɓa samun kayansa ba ɓata lokaci ne. Abin da muke buƙata shi ne kowane likita da ke duba dabbobin gida ya iya abubuwa kaɗan, amma ya iya su da kyau. Ya san karayar da filasta ke ɗorawa da wadda ba ya ɗorawa, ya kuma san cewa ƙananan karnuka masu siraran ƙafafu sukan ƙi warkewa a filasta idan karayar tana ƙasan ƙafar gaba. Ya iya sa ƙarfe a cikin ɓargo, ya kuma fahimci cewa ƙarfe ɗaya shi kaɗai ba ya hana ƙashi juyawa, sai an tallafe shi da wani abu. Ya iya kafa ƙarafan waje irin na Stader, waɗanda suke da araha kuma suna dacewa da karayar da ta huda fata. Ya iya cire kan ƙashin cinya idan kwatangwalo ya lalace, aikin da ke bai wa kyanwoyi da ƙananan karnuka sauƙi sosai ba tare da an dasa komai ba. Ya kuma iya yanke ƙafa cikin tsabta idan babu makawa, domin kare da kyanwa suna rayuwa lafiya da ƙafa uku, ko da yake masu su sukan ƙi jin wannan magana da farko.

Fiye da kowane ɗayan waɗannan, tsabtar ɗakin tiyata ce ke raba nasara da asara. Ƙashi ba ya yafe ƙazanta. Idan ƙwayar cuta ta zauna a jikin ƙarfen da aka dasa, allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta cika fitar da ita ba sai an cire ƙarfen. Na ga inda ake tafasa kayan aiki a tukunya ana cewa an gama, na ga inda ake aron na'urar huda katako a shiga da ita aiki ba tare da an lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta ba. Sannan akwai abin da ke biyo bayan aiki, wanda shi ma darasi ne da ya kamata a koyar. Ƙashin ɗan kwikwiyo yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida, na babban kare kuma yakan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma a tsawon wannan lokaci dole a tsare dabbar. A gidajenmu, wanda ya biya kuɗin aiki daban, wanda ke kula da karen daban. Idan likita ya yi wa Alhaji bayani da Turanci a ofis, bai fita ya yi wa maigadi da Hausa ba, to daren farko za a saki karen ya yi gadi, da safe a tarar ƙarfe ya lanƙwashe.

Na san za a samu mai karatu da zai ce, a ƙasar da ɗan Adam ke karyewa ya rasa likitan ƙashi, ina ruwan wani da ƙafar kare. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma likitan dabbobi ba ya ɗauke wa asibitin mutane gado ko ma'aikaci, kuma hannun da ya ƙware a kan kare shi ne zai ɗora ƙafar ɗan maraƙi, da tunkiyar da ake kiwo domin layya, da ɗan akuyar da wata bazawara ta dogara da shi. Idon da ya koyi karanta tafiyar kare ba zai sha wuya ba wajen karanta ta dokin hawan salla ko ta jakin da ke ɗaukar kaya. Ta fuskar addini kuwa, hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, sanannu ne ga kowa. Su ma maɗoran gargajiya, waɗanda mutane ke kai musu awaki da tumaki tun kaka da kakanni, ba abokan gabarmu ba ne. Wasunsu suna da hannu mai kyau a karayar ƙasan ƙafa, kuma da za a zauna da su a nuna musu haɗarin ɗaure ƙafa tamau har jini ya daina gudu, da irin karayar da ya kamata su turo asibiti, da an ceci ƙafafu da yawa.

Roƙona ga tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri da sauransu shi ne su ware wa ɗaliban shekarun ƙarshe lokaci na musamman domin duba ɗingishi a ƙananan rukunoni, kuma a jarraba su a aikace, a kawo dabba a ce su nuna ƙafar da ke ciwo da dalilinsu. Ƙasusuwan gwaji ba sa wuyar samu, domin mayanka cike take da ƙasusuwan awaki da tumaki da ɗalibi zai iya karyawa ya ɗora sau goma kafin ya kammala karatu. Majalisar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista, wadda ke da hurumin sa ido kan ci gaba da neman ilimi bayan kammala karatu, tana iya ƙarfafa kwasa-kwasan da ake yi da hannu a kan na zama a zaure ana kallon majigi, a raba takardar shaida a watse. Kwalejin horar da ƙwararrun likitocin dabbobi ta ƙasa da ƙungiyarmu ta likitoci kuma suna iya fitar da sunayen waɗanda suka ƙware a aikin ƙashi a kowace shiyya, domin ƙaramin likita ya san inda zai tura abin da ya fi ƙarfinsa. Tura dabba ga wanda ya fi ka sani yana cikin aikin likita, kuma mu manya ne ya kamata mu fara nuna wa yara haka ta hanyar amsa wayarsu ba tare da mun wulaƙanta su ba. Ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, ko da yake hankalinta yana kan garke, za ta taimaka ƙwarai idan ta sa asibitocin koyarwa cikin lissafinta, ko da da na'urar ɗaukar hoto mai aiki da tukunyar turara kayan tiyata ne.

Shi kuwa karen da na ba da labarinsa, gwiwar ta riga ta sandare yadda ba za ta dawo ba, kuma ƙashin ya ruɓe a bakin karayar, saboda haka muka yanke ƙafar bayan mai shi ya yi kwana uku yana shawara. Na gayyaci matashin likitan ya zo ya tsaya tare da ni a aikin, ya kuwa zo. Tun daga lokacin yakan zo duk ranar Asabar da ƙasusuwan akuya a cikin leda, mu zauna a bayan asibiti yana huda su yana ɗaurawa, kuma a makon jiya ya kawo abokan karatunsa biyu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Wassalam,
Wani likitan dabbobi, mai karanta jaridarku.